Neman Fuskar Yaya Habi a Duma

Ina cikin shekarata ta biyu a Jidda Zulai, autarmu, ta kira ni daga Malumfashi ta ce likita ya gama magana a kan idon Inna. Na dama ya riga ya tafi, na hagun yana bin sa a hankali, kuma ba irin ciwon da ake kankarewa ba ne. Ta miƙa wa Inna wayar. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta ma ambaci idon ba. Cewa ta yi, "Kabiru, kai da kake wuni ɗaukar fuskokin Larabawa, ka ɗauko mini fuskar 'yar'uwarka in gani tun ina iyawa."

Ba ta yi ƙarya ba, aikina ke nan. Shagon hoto nake tsaro a unguwar Safa, na kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, wani Basaudiye da ba ya leƙo mu sai in ya ga dama. Hoton fasfo, hoton makaranta, hoton jariri da uwarsa ke tallafe da ƙeyarsa ta baya. Da yatsa ɗaya nake sa ƙaton attajiri ya ɗaga haɓa. Amma Yaya Habi da ta goye ni, ban san inda take ba.

Tun ina sakandare ta zo umara bayan rasuwar mijinta, ta ƙi komawa, ta zama takari. A unguwar Karantina ta nan Jidda ta zauna, tana wanki da girki a gidajen mutane, tana kiran Inna duk Juma'a. Da aka rushe Karantina ta ci gaba da kira daga nan da can, sannan kiran ya ɗauke. Marar iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya mallakar layin waya a ƙasar nan, da sunan wani take amfani, ran da mutumin ya bar ƙasar layin ya mutu. Kamar haɗin baki, a lokacin ne aka toshe layin Inna a gida saboda rajista, aka yi mata sabo. Ni kuwa sai bayan an share unguwar na sauka Jidda. Na je na gani da idona, fili ne fetal, sai tarin bulo da kyanwoyi.

A unguwar Aziziyya na sami bakin zaren. Akwai wata Hajiya Kulu da ke yin waina ranar Juma'a a gidanta, tsohuwar 'yar Karantina ce. Na ci wainar matar nan har ta fita raina kafin ta yarda ba ɗan leƙen asiri ba ne ni. Ran nan tana juya tanda, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Habi 'yar Malumfashi? Suna Duma, can arewa, hanyar Jodan. Wani mai gonar dabino ya ba su tsofaffin gidajen leburorinsa a bayan gari. Amma isma', saurara, ɗan nan, kada ka je kana kama sunan mutane a titi, kada ka yi ta tambaya. Mutanen nan a tsorace suke. Ka bi a hankali, halas, shi ke nan."

Samun hutu bai yi wuya ba. Tsakiyar bazara ce, masu hali duk sun gudu Ɗa'if da Abha shan iska, shago sai ni da ƙuda. Kafilina ya ji sunan garin ya yi dariya, ya ce ko raƙumi yana neman inuwa a can yanzu. Na saka babbar kyamarar shago a jaka na kama hanya.

Madina ta karɓe ni da kyau, kamar yadda take karɓar kowa. Na yi ziyara, na roƙa wa Inna sauran ganinta. A bakin tasha ne aka yi mini wayo. Wani direban ƙaramar mota, mai gemu har ƙirji da carbi a wuyan giya, ya rantse mini har Jauf zai je, Duma kuwa a kan hanyarsa take. Ya karɓi kuɗin tafiyar duka tun kafin in zauna. Muka wuce Haibar da baƙaƙen duwatsunta, muka wuce Taima. A kowane shingen bincike in miƙa iƙamata, a duba, a miƙo mini. Ni da nake da takarda ma sai gabana ya faɗi. Na yi ta tunanin yadda Yaya Habi ta ratsa wuraren nan, ƙila a ƙarƙashin buhunan albasa, tana jin muryar ɗan sanda ta saman kanta.

A mararrabar Ƙaliba, inda hanya ke rabuwa, direban ya tsaya a gidan mai ya ce in sauka, ƙaninsa na nan tafe da wata motar zai ƙarasa da ni. Na sauka. Ina tsaye na ga ya miƙe hanyar Tabuka abinsa, carbin yana lilo. Har yau ƙanin nan bai iso ba.

Zafin Jidda na san shi, gumi ne, mutum ya wuni kamar an tsamo shi a ruwa. Na can daban ne. Ba ka gumi, bushewa kake yi. Iska in ta buso sai ka ji kamar mai gashin burodi ya buɗe tanda a fuskarka. Na zauna a gindin bangon gidan man na tuna a gida yanzu damina ce, masara ta fi mutum tsawo, Zulai tana tara ruwan indararo a baho. Kewar gida ta kama ni sosai, ba zan ɓoye ba, har na ji haushin Yaya Habi da ta rasa inda za ta ɓuya sai ƙarshen duniya.

Wani Basudane ne ya cece ni, Usman, direban kamfanin da ke shimfiɗa bututu. Farar a-kori-kura yake ja, mai fitila ruwan lemo a bisa kai. Ya dube ni ya ce, "Ya zol, bawan Allah, haka za ka shiga Jauf da kai a buɗe? Mutuwa kake nema?" Ya miƙo mini nono mai sanyi, ya zaro wani jan hirami daga bayan kujera, ya naɗa mini shi da hannunsa, ya rufe baki da hanci, ido kawai ya bari. Ya ƙi karɓar komai. A masaukin kamfaninsu na kwana, da hantsi muka shiga Duma.

Gari ne mai faɗin titi da ƙarancin mutane. Usman ya ga kyamara, ya ce sai ya nuna mini abin da baƙi ke zuwa gani. Ya kai ni tsohon gari: wata ganuwa a kan dutse, da hasumiyar masallaci ta duwatsu da aka jera ba siminti, a ƙasanta kuma unguwa guda da mutanenta suka tashi tun da daɗewa. Lunguna ƙanana, ɗakuna ba rufi, ƙofofi ba ƙyaure. Ko mai gadi ban gani ba. Na ɗauki hotuna da yawa, don hasken wurin ya yi mini, amma ban so yadda takalmina ke amsa kuwa a lungunan ba. Na fito da sauri fiye da yadda na shiga.

Rana na tsaka ya sauke ni a bakin unguwar da Hajiya Kulu ta kwatanta, bayan gonakin dabino. Ya ce kowa barci yake yanzu, ba mai buɗe ƙofa sai la'asar, in na gaji akwai masallaci a bakin titi. Ya juya ya tafi.

Layi biyu ne na gidajen bulo marasa shafe, suna fuskantar juna, da ƙofofin ƙarfe. Ba kowa a waje. Amma tun daga gidan farko hancina ya gaya mini na zo, don ƙamshin daddawa ne ya tare ni ta cikin hiramin. Can ciki ana daka, lugude sosai irin na matan gida. Mukayyif, wato esi, yana ruri a bangon kowane gida yana ɗigar da ruwa. A wata ƙofa ga silifa a jere, manya da ƙanana. Na ji wani daɗi da ban ji ba tun da na bar Najeriya.

An ce kada in kira suna, kada in yi tambaya. To me ya rage wa mai hoto? Na ce kafin su tashi daga barci bari in ɗauki unguwar, in Inna ta ga fuskar 'yarta ta ga kuma inda take kwana. Na ciro kyamara. Na tsaya tsakiyar layi na ɗauki faɗinsa, sannan na bi ƙofa ƙofa, yadda na saba, in ja baya, in daidaita, in danna. Wani wurin har na durƙusa don in samo ƙofar da tagarta tare.

Ina ƙofa ta uku ko ta huɗu dakan ya tsaya. Ba irin tsayawar gajiya ba, a tsakiyar bugu ya yanke. Na ci gaba. Sai na lura rurin da ke bayana ya ragu. Na waiga. Mukayyif ɗin gidan farko ya mutu. Ina kallo na gidan biyu ya yi tari ya mutu. Na taka gaba, na kusa da ni ya mutu. Haka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, duk gidan da na wuce, har layin ya yi tsit, ina jin ɗigar sauran ruwa a ƙasa. Na ce ƙila wuta aka ɗauke, sai na tuna ba a Malumfashi nake ba. Wani jariri ya fara kuka a wani gida, kukan ya toshe kamar an ɗora masa tafin hannu.

Na yi sallama a wata ƙofa. Shiru. Na ƙwanƙwasa a hankali na sake yi. Na rantse akwai mutum a jikin ƙarfen nan ta ciki, ina jin numfashinsa. Da na juyo zan koma, ƙofar da na ga silifa a jere babu ko ɗaya. Ban ji an buɗe ta ba, ban ji an rufe ba.

Muna yara Inna ba ta bari mu fita rana tsaka, takan ce lokacin mutanen ɓoye ne, su ma suna da harkokinsu. Na girma ina yi wa maganar dariya. Ran nan ban yi ba. Na fara tunanin ko Usman ya sauke ni a unguwar da ba ta mutane ba, ko ƙamshin daddawar ma tarko ne. Na kama Ayatul Kursiyyu, na fita daga layin ban gudu ba, amma kaɗan ya rage.

A masallacin bakin titi daga ni sai ladan, wani ɗan Bangaladash da ba ma jin yaren juna. Na yi azahar, na kwanta a ƙarƙashin sanyi, gajiya ta ɗauke ni. Cikin barci na ji kamar motoci suna wucewa a hankali, na ɗauka mafarki ne.

Bayan la'asar na koma, ina cewa yanzu kam sun tashi. Ƙofofin duk a buɗe suke, wasu har suna lilo. Na leƙa gidan farko: tabarma a shimfiɗe, fanka a tsaye, ƙusoshi a bango ba kaya. Gida na biyu turmi ne a tsakar gida da taɓarya a ciki, gero rabin daka, tattabaru sun sauka suna ci. A wani gidan igiyar shanya na nan da 'yan maƙalai, an fizge kayan har wani hannun riga ya yage ya zauna. Sawun tayoyi ya cika bayan gidajen. Na yi ta sallama, muryata tana dawo mini.

A gidan ƙarshe na same ta. Tsohuwa ce ƙwarai, zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ƙafafunta a kumbure, carbi a hannu. Ta dube ni ba tsoro ba fushi.

"Uktub," ta ce. "Rubuta abin da za ka rubuta. An tashe ni a Sabil, an tashe ni a Karantina. Nan kam sai dai katafilar ta bi ta kaina."

Sai a lokacin na tuna fuskata a rufe take. Na warware hiramin na durƙusa. "Iya, sannu da hutawa. Ni ba ma'aikaci ba ne. Ɗan Malumfashi ne, yayata nake nema."

Ta daɗe tana kallona. "Bahaushe ne kai?"

"Bahaushe ne, Iya."

"To me ya kai ka ɗaukar hoton ƙofofin mutane, ɗan nan?"

Na gaya mata. Ta saurara har na gama, ta girgiza kai, ta ce ashe baƙo ne ni, ban ga Karantina da rai ba. "Can haka aka fara mana. Farar mota ta sauke mutum da kyamara, ba ya gaida kowa, ya bi ƙofa ƙofa. Bayansa mai jan fenti ya zo ya rubuta izala a bango, wato a rushe. Sai a yanke wuta. Sai katafila. Wanda ya tsaya jiran fenti, da 'yan jawazat yake gamuwa, masu kamen marasa takarda. Mu da muka ga wannan ba ma jiran fenti."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ne tsumman, na taho tun daga Jidda da kuɗin motata.

Na ce, "Iya, akwai Habi a cikinsu?"

"Habi ce ta fara ganin ka. Ita ta bi ta bayan gidaje tana gaya wa mutane su kashe mukayyif su yi shiru. Da ka tafi aka kira masu motocin kayan lambu. Yalla yalla, maza-maza, kafin la'asar an kwashe."

"Ina suka nufa?"

"Ban sani ba."

Na roƙe ta da girman Allah. Na ce mata idon mahaifiyarmu ne ke rufewa. Ta ce ko zan yanka ta ba ta sani ba, kuma ba rowa take yi mini ba. "Ƙa'ida ce tun Karantina. Wanda zai zauna ba a gaya masa inda za a, don kada a matsa shi ya faɗa. Ni na ce su tafi su bar ni, ƙafar nan ba ta hawa mota. Gonaki ne dai, daga nan har iyaka."

Ta nuna mini ɗakin Yaya Habi, ƙofa mai ruwan toka a tsakiyar layi, ɗaya daga cikin waɗanda na durƙusa a gabansu. Ɗaki ɗaya ne da ɗan wurin girki. Katifa na nan, an ɗauke zanin gado. A kan gas akwai tukunyar miyar kuka, na taɓa ta da sauran ɗumi, kusa da ita tuwo an tuƙa ba a kwashe ba, muciya a tsaye a ciki. Na tsaya a ɗakin nan na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Iya ta ƙwala mini kira daga kujerarta, ta ce in kwaso mana. "Girkin 'yar'uwarka ne, kada ya lalace." Muka ci tare a bakin ƙofarta, layin duk a buɗe ba kowa. Hannun Inna ne sak, har yawan barkonon. Na ci ina hawaye, tsohuwar ta yi kamar ba ta gani ba, ta tura mini ruwa.

Na yi 'yan kwanaki a ɗakin ina jira, ina ɗebo wa Iya ruwa, ina tashi duk motsin da na ji. Ba wanda ya dawo. Ranar Juma'a Usman ya ce in zo mu zaga gonaki. Muka yi ta tafiya tsakanin zaitun da dabino. Daga nesa sai mu hango mutane sunkuye suna aiki, wasu da ɗaurin ɗankwali irin namu. Kafin farar motar ta isa babu kowa, sai kwanduna a ƙasa. Na sauka ina kira da Hausa, ina cewa ni ne Kabiru, Kabirun Inna. Itatuwa kawai ke tsaye. A gona ta uku na ce wa Usman mu koma, korar su kawai muke ƙara yi.

Hutuna ya ƙare, kafili ya fara kira. Na bar lambata a wurin Iya, mai gonar da ya ba su gidajen ya ce zai riƙa aiko mata da abinci. Ta ce in sun ga wata ya wuce ba fenti ƙila su dawo, ƙila kuma sun sami wani wurin. Ta sa mini albarka, ta ce in gaida mai jiki.

Sai da na koma Safa na buɗe hotunan a babbar kwamfutar shago, da safe kafin masu fasfo su fara zuwa. Ganuwa, hasumiya, ƙofofi. Da na zo kan ƙofa mai ruwan toka na ga labulen tagar ya ɗan ɗage a gefe. Na ƙara girman wurin, na ƙara haske. Rabin fuska ne: ido ɗaya, gefen hanci, yatsu biyu riƙe da labule. Ta rame, gira ta fara furfura, amma ko a cikin dubu zan gane ta. Tsakanina da ita bai fi taku kaɗan ba. Na sha gyara fuskokin mutane a kwamfutar nan, in cire ƙurji, in share gajiya. Na zauna ina kallon idon nan na ga ba abin da zan iya yi masa.

Na tura wa Zulai, na ce ta kai a wanke shi babba. Washegari ta kira ni, ta ce ga su a tsakar gida inda haske ya fi, Inna ta kara hoton a idon hagu. Ina jin kaji a bayansu, da ruwa yana sauka kaɗan kaɗan a kwano.

"Ita ce," Inna ta ce. "Habi ce. Alhamdu lillahi, tana da rai."

Na ce tana da rai, Inna, har tuwonta na ci.

Zulai ta ce mini daga baya a lokacin Inna matsar da hoton take yi, tana kai shi nesa tana dawo da shi. Sannan Inna ta ce, "Kabiru, ni na haifi yarinyar nan, ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idonta ba. Wa take kallo haka?"

Na ce, "Ni take kallo, Inna."